Kibod Ɗina da Sunan da Na Ƙi Faɗa

Kun ɓata mini suna a kan maganar kibod ɗin nan, kuma har yau ban huce ba. Duk taron suna ko na biki, da zarar an ci an ƙoshi an fara miƙe ƙafafu, sai wata a cikinku ta ɗauko labarin yadda Inna ta sayo tsohon ƙarfe daga Turai, ta kuma zagi ma'aikacin kamfanin aika kaya a waya har ya kusa mayar da kayan inda suka fito. A kwashe da dariya, jikoki su juyo suna kallona. Kwanan nan na ji wata jikata tana gaya wa ƙawarta wai bola aka aiko mini a kwali. To ban zagi kowa ba, abin da na saya kuma ba bola ba ne. Tunda na faɗa da baki ba ku ji ba, ga shi nan a rubuce, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kun san ban shiga aji ina yarinya ba. A ruga aka haife ni, can gefen Nguru, abin da aka koya mini tatsa da kaɗa nono da riƙe baki, na iya biyun farko. Sai da na kai shekara talatin da takwas, Hajara autata tana goye a bayana, sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Daga nan aka buɗe wata cibiya ta koya wa mata sana'a. Kowa ta yi layin keken ɗinki da haɗa sabulu, ni kuwa na hango ɗakin kwamfuta ba kowa a ƙofarsa, na shiga, don ban taɓa son layi ba. Kwamfutocin tsofaffi ne da wani ofis ya gaji da su ya bayar. Kibod ɗinsu, wato allon maɓallan da ake danna haruffa a kai, nauyi gare shi kamar dutsen niƙa, launinsa na man shanun da ya kwana biyu, kowane maɓalli kuma da ƙarfen sifirin a ƙarƙashinsa. In ka danna sai ya ɗan yi gardama, sannan ya saki, ya ce ƙas. Wannan ƙas ɗin shi ne shaidar harafi ya shiga. Malaminmu yakan rufe mana hannuwa da ƙyalle ya ce ido na takarda ne, ba na yatsu ba. Haka na koya, da kunne da kan yatsa. Ranar da cibiyar ta sake injina na roƙi kibod ɗaya aka ba ni, da shi na buɗe shago a Nguru, da shi kuma na komo Gashua bayan rasuwar babanku, lokacin da aka buɗe jami'a ɗalibai suka cika gari. Na buga wa ɗalibai aikin kammala karatu, na buga wa manoman Katuzu yarjejeniyar aron fadama, na buga takardun koke da na neman aiki. Mai shagon da ke kusa da nawa yakan ce in dai bai ji ƙas-ƙas ta bango ba, ya san ba ni da lafiya.

A shekarar da nake ba ku labari abu biyu suka same ni a jere. Na farko ido. Na daɗe ina ganin gefe-gefen abubuwa suna duhu, ina cewa gajiya ce, har Hajara ta ja ni asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa zai tsare saura in Allah ya so. Ban damu sosai ba. Idon hagu yana iya karanta takarda in na sa gilashin ƙara girman rubutu na tsaya a kan layi ɗaya, yatsuna kuwa ba su taɓa neman taimakon ido ba. Na biyu ruwan sama. Na tafi Nguru bikin suna na kwana uku, aka yi ruwa mai iska, kwanon rufin shagon ya ɗaga ta kusurwa ɗaya, kuma duk faɗin shagon nan ruwan bai ga inda zai zuba ba sai kan kibod ɗina. Na dawo na ɗaga shi, ruwa ya tsiyayo ta ƙasa ja kamar na kogi. Mai gyara ya buɗe, ya busar, ya goge, ya mayar mini ya ce, Hajiya, a yi haƙuri, ya yi iya shekarunsa.

Na sayi sabo a kasuwa, irin wanda kowa yake da shi. Laushi gare shi kamar kana danna ƙullun ɗanwake. Ka danna ba ka san ya shiga ba, ka sake dannawa ya shiga sau biyu. Mai ido zai ɗaga kai ya duba fuskar kwamfutar ya gyara. Ni in na ɗaga kai sai layin takarda ya ɓace mini, kafin in lalubo shi an yi minti guda. Aikin da nake gamawa kafin azahar ya koma na kwana biyu, kuma cike da kurakurai. Wata ɗaliba ta dawo mini da aikinta malaminta ya zazzane shi da jan biro shafi bayan shafi. Yarinyar kirki ce, ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga, da na san abin da zan ce mata. Cewa ta yi, Mama, ko dai kin gaji ne? Wannan tambayar ta kwana uku a ƙirjina.

Labari ya kai Nguru wurin babbanku. A nan sai na tsaya na yi wa jikoki bayani, don ku 'yan yanzu kuna kiran 'ya'yanku na fari da suna kamar kuna kiran akuya. Shi ne ɗana na fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta ma amsawa a gaban mutane cewa ita ta haife shi. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Na ga girmansa daga nesa, kamar yadda ake ganin geron gonar maƙwabci. Ni da na taɓa tsayawa gaban mai unguwa na gaya masa ƙarya yake yi, sunan nan guda bai taɓa fita daga bakina ba, kuma ba zai fita a takardar nan ba. Yana sayen ƙaro da riɗi yana turawa Kano, Allah ya rufa masa asiri. Da ya ji halin da nake ciki ya aiko mini da wani kibod daga Kano, mai fitilu kala-kala suna yawo a ƙarƙashin maɓallan kamar motar amarya. Yana da ƙara, amma ƙarar banza ce, tun kafin harafi ya shiga ya yi kukansa, ga shi ba nauyi, ina bugu yana gudu a kan tebur. Na gwada mako guda na mayar da shi kwalinsa. Sai saƙo na biyu ya zo ta bakin Hajara: a rufe shagon, in koma Nguru, an share mini ɗaki a gidansa. Sauranku duk kuka goyi bayansa, har da ku biyun da kuka fi kowa dariya yanzu. Na ce wa Hajara ta mayar da amsa. Ɗalibai sun tafi dogon hutu. In suka dawo hannuna bai koma yadda yake ba, ni da kaina zan sa kwaɗo in miƙa makulli. Na faɗa, kuma kun san ba na janye magana.

Hajara tana aiki a ɗakin karatu, ta san lungunan intanet. Wata rana ta zo shago ta ɗauki hoton mataccen kibod ɗina gaba da baya, washegari ta dawo tana murmushi. Ashe a Turai akwai masu tara irinsa kamar yadda wasu suke tara tsofaffin kwabbai, kuma akwai kasuwar gwanjo a intanet inda ake sa shi kowa ya taya. Ta kawo wayar har kan hancina. Ga shi nan, shi ne, har da 'yar karkatar nan ta layin sama. Na ce ta taya rabin abin da mai shi ya sa.

"Inna, nan ba a ragi. Ƙari ake yi."

"Wace irin kasuwa ce mai saye ba ya neman ragi?"

"Irin wadda masu saye suka fi kayan yawa."

Ta ce akwai agogo a jikin kowane kaya, in lokaci ya cika wanda tayinsa ya fi shi ya ɗauka. Na farko ya kuɓuce mana, kuma laifina ne. Agogonsa ya zo cika daidai kiran la'asar, mu ke kan gaba, na ce ta ajiye wayar mu yi salla, kayan da yake namu ba zai gudu ba. Muka sallame muka tarar wani ya ɗora ɗan abu kaɗan a kan namu saura daƙiƙa huɗu. Na ce wannan ba ɗan halak ba ne, yana ina tun safe? Hajara ta ce haka ake yi, kowa laɓewa yake sai ƙarshe. Na biyu ya fito bayan kwana tara, wani dattijo ne ya kwaso shi daga ofishin da ya yi ritaya. Wannan karon muka laɓe mu ma. Na zauna kusa da ita, tana ƙirga daƙiƙu a bayyane, ta danna, sannan ta ce mun samu. Na ce alhamdulillahi, na tashi na zagaya shagon sau biyu ban san abin da nake nema ba.

Sai dai kafin a taya ɗin sai da katin banki mai biyan kuɗin waje, kuma duk danginmu mutum ɗaya ne yake da shi, babbanku, saboda harkar ƙaronsa. Ban iya tambayarsa ba. Na ba Hajara kuɗin da za ta tura masa, ta ce masa saƙon Inna ne, shi kuma bai tambayi ko na mene ne ba, don kunyar ta ɓangare biyu ce. Dokar kasuwar kuwa sunan mai kati shi ne sunan mai karɓar kaya. Saboda haka sunansa aka rubuta a kwalin, lambar wayata a ƙarƙashi. Hajara ta gaya mini haka a lokacin. Na ce to, ban ga wani abu a ciki ba.

Daga nan aka shiga wahalar hanya. Dattijon ya rubuto cewa shi ba ya aika kaya Najeriya, bai taɓa ba, tsoro yake ji. Hajara ta samo wani kamfani da yake karɓar kaya a can ya tara su ya turo nan. Kwalin ya yi mako biyu a rumbunsu yana jiran abokan tafiya. Aka ba mu wata doguwar lamba ta bin sawun kaya, kullum da safe kafin in karya sai na sa an duba mini. Ya tashi. Ya sauka a wata ƙasa da ba ta kan hanya. Ya sake tashi. Ya iso Legas, ya zauna. Masu duba kaya suka ce tsohon kayan lantarki ne, sai an nuna shaidar yana aiki, ba juji ake turo mana ba. Ban ga laifinsu ba, na ga irin tarkacen da ake kawowa kasuwa. Hajara ta rubuta wa dattijon, Allah ya saka masa, ya turo ɗan bidiyon da ya ɗauka kafin ya naɗe shi, yana danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Aka tura musu suka sake shi. Ni kuwa na hana ta goge bidiyon. Sau da yawa nakan sa ta kunna mini, in kara wayar a kunne, ba don in gani ba. Ana cikin haka gero ya fara fitar da kai, aka sa ranar dawowar ɗalibai, saura mako uku.

Ranar wata Talata da hantsi, ina zaune a shago ni kaɗai, waya ta yi ƙara. Wani saurayi ne mai Hausar Kano, ya yi sallama da ladabi, ya ce daga ofishin kamfanin aika kaya yake kira. Kwali ya iso daga waje, su ba sa wuce Kano, amma in an tabbatar musu da mai shi za su ba motar da take zuwa wajenmu. Na ji daɗi har na miƙe tsaye. Sai ya ce, don tabbatarwa, in faɗa masa cikakken sunan mai karɓa.

"Sunan ai yana gabanka a rubuce. Karanta abinka."

"Hajiya, ke za ki faɗa, ni in duba ko ya dace. Haka dokar take."

"To ka karanta, ni in ce e."

"Ba a yin haka. Kin san mai kayan kuwa?"

"Na san shi mana."

"Mene ne shi a wurinki?"

Nan bakina ya tsaya. Kalma biyu ce, kowace mace a duniya tana iya faɗinta, ni ban iya ba. Na ce ɗan gidanmu ne. Ya ce to sunansa. Na ce babban gidan. Na ji muryarsa ta canja, ta koma irin ta wanda ya yi zaton ya kama ɓarauniya. Ya ce ana yawan kiran mutane su karɓi kayan da ba nasu ba, in ba zan faɗa ba zai rubuta cewa mai lambar nan ba ta san mai kaya ba. Ni aka ce wa haka, da furfurata. Na ce masa, yaro, ka rubuta abin da ka ga dama, uwarka ba ta koya maka magana da manya ba. Na kashe wayar. Wannan shi ne zagin da kuke ta yaɗawa. Ku auna shi da kanku.

Kuskuren da na yi na gaske ba wannan ba ne. Kuskuren shi ne ban gaya wa kowa ba. Na ɗauka zai huce ya sake kira kamar yadda direban tasha yake yi, in ya kira ka ba ku daidaita ba ya ci abinci ya sake kira. Kwana biyar ina jiran waya, ina ce wa Hajara ba sai ta duba lambar ba, kaya sun kusa. Ran na shida ta duba ba da sanina ba. Ta shigo shago ko sallama ba ta gama ba, ta ce an rubuta ba a san mai kaya ba, za a mayar wa wanda ya aiko. Na gaya mata yadda aka yi. Ta zauna a kan benci ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, har yau ban san ko kuka take ko dariya ba. Ta kira ofishin. Suka ce tunda an riga an rubuta haka, waya ba ta gyara shi. Sai mai sunan ya zo da kansa da katin shaidarsa. Saura kwana biyu motar Legas ta kwashe shi.

Hajara ta ce bari ta kira yayanta. Na ce a'a. Ya riga ya ce a rufe shagon, in aka gaya masa a waya ya bar aikinsa ya tafi Kano saboda tsohon kibod, zai ce to, ya yi shiru, kwana biyun su wuce, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi. Na ɗauki mayafina na tafi tasha.

Na isa Nguru rana ta take. Matarsa Yagana, Babarbariya ce mai faran-faran, ta tare ni da murna ta shimfiɗa mini darduma a rumfa, ta kawo ruwa, ta aika sito a kira shi. Ya zo da ƙurar riɗi a hularsa, ya durƙusa can bakin ƙofa ya gaishe ni. Na amsa ina kallon bango, kamar kullum. Da aka gama gaisuwa na ce:

"Yagana, ki gaya wa mai gidan nan akwai kwali a Kano da sunansa a kai."

"Inna, ai ga shi nan yana ji."

"Ke na sa."

Ta juya ta maimaita masa. Ya ce ta tambaye ni mene ne a ciki. Ta ce ita dai yau ta zama wayar salula, a riƙa sa mata kati. Na ba ta labarin tun daga gwanjo har zuwa saurayin Kano, tana miƙa masa guntu-guntu, tana ƙara gishirinta. Da aka zo wurin sunan ta kasa, ta toshe baki da hannu. Shi bai yi dariya ba. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke, sannan ya ce:

"Ki ce mata ba don in tauye ta na ce a rufe ba. Watan jiya na bi ta Gashua, na tsaya a tsallaken titi. Na hango ta ta kai takarda har kan hancinta, yara biyu suna tsaye a kanta suna kallon juna. Ban iya shiga ba."

Ban san ya zo ba. Ba wanda ya gaya mini. Yagana ta buɗe baki za ta maimaita, na ɗaga mata hannu. Na juyo daga bangon na dube shi. Da ɗan idon da ya rage mini na ga gemunsa ya fara fari, ban san yaushe ba.

"Kai," na ce. "Shekara talatin da takwas na yi ana karanta mini wasiƙa, mai karantawa ya rage abin da ya ga dama. In ka kai ni ɗakin can me zan yi da hannuwan nan? Ko tsintar shinkafa ba zan gani ba. A shagon nan kaɗai rashin idon bai hana ni komai ba, in dai akwai abin da zai amsa wa yatsuna. Yana cikin kwalin. In ya zo na gwada ban iya ba, ɗakinka na nan, zan shiga da ƙafata."

Tun da na haife shi ban taɓa jera masa magana haka ba. Ji na yi kamar na fita tsakiyar kasuwa ba ɗankwali. Da kakarsa tana raye da ta ce karatun boko ya gama lalata ni. Shi ma kansa yana ƙasa, kunnuwansa kawai nake gani. Ya tambayi Yagana kwana nawa aka ce ya rage. Ta ce biyu, yau ɗin ma ya tafi. Ya miƙe ya ce ta ɗauko masa katin shaidarsa a aljihun babbar riga.

Na koma Gashua a ranar, don ba zan iya zama a gidan ba bayan abin da na faɗa. Washegari na buɗe shago na zauna ba aiki, na share tebur sau uku. Bayan azahar Hajara ta shigo da waya a hannu. Babbanku ya samu kwalin. Sai da aka sauko da kwalin daga cikin tarin da aka ɗaure za a loda, aka sa shi cike takardu, aka dubi fuskarsa aka dubi katin. Saurayin da muka yi waya da shi ne ya miƙa masa. Da ya ji yadda abin yake sai ya dafe kai ya ce don Allah a ba Hajiya haƙuri, da ta ce ɗan fari ne ai da ya gane, shi ma tasa uwar har yau Ɗanbaba take ce wa yayansu. Na ce wa Hajara, to da zan iya cewa ɗan fari ne ai da ba a yi haka ba. Sai a lokacin na ji yunwa. Na aika aka sayo mini shinkafa da kifi na cinye tas, na jingina da bango na yi barcin da rabona da irinsa tun ranar ruwan nan.

Bai ba direba ba. Da kansa ya kawo shi, ranar da ta biyo baya da la'asar, kwalin a kujerar gaba. Ya sha tafiya, kusurwoyinsa sun lotse, an manna masa takardu har ba a ganin asalin launinsa. Hajara ta yanka, muka yi ta zare jaridun Turawa da dattijon ya cusa. Da na ɗaga shi nauyin ya zauna mini a hannu daidai yadda na sani. Na bi shi da yatsu, ba maɓallin da ya fita. Babbanku ya ɗauki bakin wayar kibod ɗin yana jujjuyawa, zagayayye ne irin na da, ya leƙa bayan kwamfutar bai ga ramin da zai shiga ba, ya dubi ƙanwarsa, su biyun suka yi tsuru-tsuru. Na bar su suka ɗan sha wahala. Sannan na jawo durowa na ɗauko 'yar mahaɗar da nake amfani da ita a tsohon, na haɗa, na danna. Ya ce ƙas. Mai shagon kusa ya leƙo ta ƙofa ya ce, Hajiya, an warke ke nan.

Babbanku ya zaro wata wasiƙa daga aljihu, ta harkar ƙaronsa, da rubutun hannu. Ya ce wa Hajara zai karanta, in Inna ta ga dama ta buga. Na rufe ido. Layin farko yatsuna suna ɗari-ɗari, a na biyu suka tuna hanya. Sau ɗaya na ji maɓalli bai saki ba, na san harafin bai shiga ba, na koma na sa shi ba tare da na buɗe ido ba. Ya ƙara sauri, na bi shi. Ya ƙara, na riga shi, har ina jira. Da ya kai ƙarshe, wurin da mai wasiƙa yake sa sunansa, ya tsaya. Ni ban tsaya ba, na buga sunan na danna firinta. Ya ɗauki takardar ya fita bakin ƙofa inda haske yake, ya karanta sau biyu, yana bin layi da yatsa. Ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon kusurwar da ruwa ya ɓata.

"Hajara, ki ce wa Inna rufin nan ne matsalar. Jibi zan turo a sake kwanon."

Ba wanda ya sake ambatar ɗakin Nguru, daga ranar har yau. Muka koma yadda muke, yana gaishe ni daga bakin ƙofa ina amsawa ina kallon bango, sai dai yanzu in ya bi ta Gashua yana shigowa.

Washegarin ranar da ya kawo kwalin, tun kafin a buɗe banki ina ƙofar, da katin shaidata a ƙulle a bakin mayafi. Ni ce ta farko. Na ce wa yarinyar da ke kan tebur ina son katin da ake sayen kaya da shi daga waje, da sunana, don na ji an ce dattijon nan yana da wani irinsa, kuma ba zan sake zama da guda ɗaya ba. Ta cike takardun, ta dubi furfurata da gilashina, ta turo mini 'yar tawadar dangwala yatsa. Na tura mata abinta.

"Miƙo biro," na ce, "ki nuna mini layin."